Kwamfuta Ba Ta Jin Gatse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da mutanenka. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Shekara 35 na yi ina koyar da Hausa a makarantun sakandare, kuma malamin makaranta in ya fara bayani sai an kaɗa ƙararrawa.

Wata ɗabi'a ce ta jaridunmu ta sa na ɗauki biro. Da zarar gwamna ko minista ya yi wata magana, kashegari sai mu ga labari: ce-ce-ku-ce ya ɓarke a soshiyal midiya, kan jama'a ya rabu. Sai a tsinto rubutun mutum huɗu, biyu masu yabo, biyu masu zagi, a jera, a ce ga ra'ayin Arewa. Da ina karantawa in wuce abina. Yanzu abin yana tsaya mani a rai, dalili kuwa wani aiki ne da ya faɗo mani a daminar bara.

Ɗiyar ƙanwata tana karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta. Wata Asabar bayan la'asar ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Kawu, aiki na kawo maka, kuma ba ko sisi a ciki." Na ce ba komai, aikin malanta ma kusan haka yake. Ashe dubban rubuce-rubucen siyasa ta tara waɗanda mutane suka yi da Hausa a intanet, tana son ta koya wa kwamfuta ta riƙa gane wanne ne yabo, wanne ne suka, wanne ne cin mutunci, wanne ne kuma ba ruwansa. Ita kwamfuta ba ta san ko ɗaya ba sai an nuna mata. Shi ya sa ake samun mutum uku su karanta kowane rubutu, kowa ya sa mashi alama shi kaɗai, abin da biyu suka haɗu a kai shi ake ɗauka. In misalai sun taru sai a ɗura mata, ta lura da kalmomin da ke yawan tafiya da kowace alama, daga nan a sake ta cikin tarin rubutun da ba mahaluƙin da zai iya karance shi, ta yanke hukunci kafin ka gama shan shayi. Ta kuma nuna mani wani zane: kowane mutum ɗigo ne, in ya yaɗa maganar wani sai a ja zare tsakaninsu. Inda jama'a ta rabu, sai ka ga ɗigon sun dunƙule gida biyu kamar garken da aka raba wa magada, zaren da ke tsallakawa daga nan zuwa can bai taka kara ya karya ba. Tun wajen 2005 ake auna rabuwar kan Amurkawa da irin wannan zane.

Ba ita ta fara yi da Hausa ba. A 2022 wasu matasan masana, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero a kan gaba, suka fitar da wani rumbu da suka kira NaijaSenti, rubutun Twitter wajen dubu 30 a kowane harshe, da Hausa da Yarbanci da Ibo da buroka, duk mutane ne suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka sa masu alama. Sai da na zauna yin irinsa na san wuyar da suka sha.

Ka san mu Katsinawa an yi mana shaidar ashar. Ba zan musa ba, ba kuma zan kare ba. Abokai biyu da suka shekara ba su haɗu ba, in suka yi kiciɓis a Ƙofar Soro, gaisuwarsu ta farko ba ta buguwa a jarida, kuma rungume da juna za su yi ta. To yadda suke faɗa haka suke rubutawa. A gwajin farko, duk inda kwamfutar ta ga "shege" ko "ɗan banza" ko abin da ya fi su nauyi, sai ta ce gaba ce. Da an bar ta a haka, da sakamakon da zai fito shi ne duk Najeriya ba garin da ya kai Katsina ƙiyayya. Sannan ga Bagobiri ya shigo ƙarƙashin rubutun Bakatsine ya ce, "Yi mana shiru, yaushe bawa ya fara siyasa?" Ɗaya daga cikin abokan aikin nawa, wani ɗan jami'a da ya tashi a Legas, nan take ya sa alamar cin mutuncin ƙabila. Sai da na zaunar da shi na yi mashi karatun wasan da ke tsakaninmu da Gobirawa, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi. Wannan "bawa" da ya gani, ranar da Bagobiri ya daina ce mani shi, ranar zan san wani abu ya lalace tsakaninmu.

Ɗaya gefen ya fi ba ni tsoro. Ƙarƙashin labarin tashin farashin shinkafa wani ya rubuta: "Madalla, mun gode ƙwarai. Allah ya ƙara wa masu girma lafiya, ai mu muka ce sak." Kwamfuta ta ga madalla, ta ga godiya, ta ga addu'a, ta ce yabo ne. Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san wannan bawan Allah zuciyarsa tafasa take. Gatse ke nan, kuma da shi da habaici da zambo ake yin mafi yawan siyasarmu. Mai habaici ba ya kama suna, "mutumin naku" kawai zai ce, duk gari a san wa ake nufi. Wani ya rubuta "'yan taliya", kwamfuta ta ɗauka hirar abinci ake, alhali waɗanda suka sayar da ƙuri'arsu ake caccaka. Wani ya ce "mu bana wake da shinkafa za mu yi", shi ma ta tura shi madafa. Ga kuma rashin ƙugiya da rashin raba kalma. Mun yi rabin sa'a a kan "ya bata kudin": ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? A maganar shugaban ƙaramar hukuma, tsakanin waɗannan biyun akwai sadaka akwai gidan yari.

Kada ka ɗauka raina ilmin nake. In mun gaji da dare takan fassara mani abin da masu irin wannan bincike suka gano a ƙasashen waje, kuma wasu sun gyara mani tunani. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bi diddigin labarai wajen dubu 126 da mutum kusan miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin gaskiya ta isa kunnen mutum 1,500 takan ci ninki shida na lokacin da ƙarya ke ci. Wasu kuma a 2021 suka duba rubutu miliyan 2.7 a Facebook da Twitter, suka ga ba abin da ke sa a yaɗa rubutun siyasa kamar ambaton abokan hamayya. Waɗannan ba su ba ni mamaki ba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ai furen ne ke ɗaukar ido.

Wanda ya kayar da ni shi ne na Chris Bail na Jami'ar Duke ta Amurka, shi ma a 2018. Ni dai a iya sanina maganin ɓangaranci shi ne a sa mutum ya ji ta bakin ɗaya gefen. Haka na yi ta koya wa ɗalibai a darasin muhawara. Shi da abokan aikinsa suka biya 'yan Rifabilikan da 'yan Dimokurat dala 11 kowa, a kan su bi wani shafi da aka saita ya riƙa kawo masu maganganun ɗaya jam'iyyar kullum har wata guda. Da watan ya cika, 'yan Rifabilikan sai suka ƙara ƙanƙame ra'ayinsu fiye da da, 'yan Dimokurat kuma ba wani sassauci da aka gani. Na yi shiru na tuna zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban ajinmu. Kowane ra'ayi akwai shi a ciki, kullum muna jin juna, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce "ka fi ni gaskiya" ba. Abin da na gani shi ne mutum biyu da suka fice, har yau ba sa zuwa sunan jikokin juna.

Sai kuma babban gwajin da aka yi da haɗin kan kamfanin Meta mai Facebook lokacin zaɓen Amurka na 2020, wanda aka buga sakamakonsa a watan Yuli na 2023. Cikin mutum sama da dubu 20 da suka shiga gwajin a Facebook, wasu aka cire wa lissafin nan da ke zaɓo maka abin da za ka fara gani, aka bar masu rubutu yana zuwa bi da bi yadda aka wallafa shi, har wata uku. Zamansu a shafin ya ragu, abin da suke gani ya canja, amma zafin ra'ayinsu da ƙin abokan hamayyarsu suna nan inda suke. Daga baya wasu masana sun yi ƙorafin cewa kamfanin ya yi wa lissafin nasa gyaran wucin gadi a daidai lokacin zaɓen, saboda haka ba a rufe maganar ba. Duk da haka ni ya sa na sassauta zargin da nake yi wa waya, don na tuna abin da idona ya gani. A 1979, Katsina na cikin tsohuwar jihar Kaduna, Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN ke da rinjaye a majalisa. Suka hana shi kwamishinoni har suka tsige shi a watan Yuni na 1981, Abba Musa Rimi ya hau. A shekarun nan na ga wa da ƙane sun raba tukunya a unguwarmu, na ga auren da aka fasa an riga an kai lefe. PRP ɗin ma ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Abin da mahaifina ke ba mu labari na zamanin NEPU da NPC ya fi wannan muni. Duk ba salula ko ɗaya a ƙasar.

Amma fa duk wannan awo da mudun Amurka aka yi shi, inda jam'iyya biyu ce, mutum ya gaji tasa wajen ubansa ya mutu a cikinta. Mu dubi namu. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, a Katsina, jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. A rana ɗaya, a rumfuna ɗaya, APC ta kwashe kujerun sanata uku na jihar. Bayan mako uku Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna da 859,892, Yakubu Lado na PDP na da 486,620. Ga wake da shinkafar da kwamfuta ta kai madafa. Mutanen da suka yi wannan zaɓe ba garke biyu ba ne. Kuma a nan ɗan siyasa kan kwana ƙarƙashin lema ya wayi gari da tsintsiya a hannu, yaransa na intanet su juya kafin azahar, wanda suka zaga jiya ya zama "jagora" yau. Zanen ɗigo da zare da aka yi a watan Janairu, kafin Yuni ya zama tsohon yayi, don uban gida ake bi, ba manufa ba.

Rabuwar da ke hana ni barci ba ta jam'iyya ba ce, kuma ko kaɗan ban gan ta yadda take ba a cikin rubutun da muka yi wata biyu muna dubawa. Tun da ta'addancin daji ya addabi Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Faskari, wata magana ta fara yawo wadda da ba a yin ta a bainar jama'a: wai Bahaushe daban, Bafillace daban, kuma ɗaya maƙiyin ɗaya ne. Ni kakata ta wajen uwa Bafillatana ce, kuma ban san gida nawa ne a birnin Katsina za su iya tsaga jininsu su ware ba. Wanda aka kashe wa ɗa ko aka kore shi daga gonarsa, ba ni da bakin ce mashi ya yi sanyi. Amma masu hura wutar nan yawancinsu ba su ne aka kora ba, kuma ba rubutu suke yi ba. Saƙon murya ne, minti bakwai, minti goma, da sallama da salati a farko, sannan a shiga zuba dafi cikin nutsuwa, ba ashar ko ɗaya. Yana tashi daga waya zuwa waya, ya isa wajen tsohuwar da ba ta taɓa karanta ko harafi ba, a kunna shi a majalisa bayan isha'i mutum goma su saurara da waya ɗaya. Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake, daga mai turawa sai wanda aka tura wa, don haka mai bincike ba ya ganinsa sai in an sa shi a zauren. Ko ya gani, kwamfutar ɗiyata rubutu take karantawa. Mun ga inda irin wannan ke kaiwa: binciken BBC na 2018 ya nuna wani bidiyon kisa da aka yaɗa lokacin rikicin Filato na watan Yunin shekarar, aka ce Fulani ne ke kashe Birom, ashe a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen ramuwar gayya.

Na san wani zai ce to a rufe abin mana kowa ya huta. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ba wanda ya lura sai da rediyo ya faɗa, abin da ya isa ya nuna maka ba can muke ba. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 cikin 34 na jihar nan saboda tsaro. Jita-jita ba ta mutu ba, motar kasuwa ta koma hawa, sai dai wanda zai buga waya ya tabbatar ne ya rasa hanya. Akwai ma wani gwaji da aka yi a Bosniya a watan Yuli na 2019, ƙasar da ƙabilunta suka yi yaƙi da juna: aka sa wasu suka bar Facebook na mako guda, sai aka tarar ganin mutuncin sauran ƙabilu ya ragu a wajensu, musamman waɗanda ke zaune inda ba kowa sai 'yan ƙabilarsu. Wato ga wasu, wayar ce kaɗai tagar da suke hango ɗan wani gida.

Yanzu in dawo kan mutum huɗun da kuke tsintowa. Cibiyar Pew ta lissafa a 2019 cewa a Amurka kashi 10 cikin ɗari na masu Twitter su ke rubuta kashi 97 na maganganun siyasar ƙasa. Can ke nan, inda galibi don ra'ayi ake yi. A nan kuwa sana'a ce mai suna. Da sojojin baka ne a rediyo, yanzu ga 'yan data, wanda ake sa wa kati a waya ya wuni yana kare mai gida. Masu binciken cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham da suka yi nazarin WhatsApp a zaɓen 2019, Kano da Oyo suka taka da ƙafarsu suka zauna da mutane, suka ga yadda ake tsara zaurukan tun daga jiha har mazaɓa. A Janairun 2023 BBC ta fito da yadda jam'iyyu ke biyan masu dubban mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. A cikin rubutun da na duba da idona, na sha cin karo da jimla ɗaya, da kuskuren rubutu ɗaya, ƙarƙashin suna daban-daban har biyar. In wakilinka ya ɗauki biyu daga ciki ya ce ra'ayin jama'a ne, ya yi wa wani aikin da aka biya shi kyauta, ya kuma sa mai karatu a Mashi ko Ɓaure ya ɗauka ƙasar ta kama da wuta.

Roƙona gare ka ba mai tsada ba ne. In za ku kawo abin da aka ce a intanet, ku gaya mana rubutu nawa wakilin ya karanta, a wane shafi, kuma ya ɗan leƙa ya ga ko mai maganar hadimin wani ne. In ra'ayin jama'a kuke nema, tasha na nan, kasuwa na nan, gidan biki na nan, kuma mata da ba su cika rubutu a fili ba suna da bakin magana in an tambaye su. Sannan in kun samu saƙon murya irin wanda na faɗa, ku bi shi ku gano inda ya fito, ku buga da Hausa, don gyaran da aka yi da Turanci ba ya isa inda ɓarnar ta isa.

Ga jami'o'inmu kuma, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma da Al-Qalam, ina ganin aikin nan namu ne. Ƙofofin da masu bincike ke shiga sai rufewa suke: Twitter ta daina ba da bayananta kyauta a 2023, Meta ta rufe CrowdTangle, manhajar da ake bin diddigin abin da ke yaɗuwa a Facebook da ita, a watan Agustan 2024. Wanda ke Landan ko Boston in an rufe mashi ƙofa ya tsaya ke nan, mu kuwa a cikin zaurukan muke, saƙon har wayoyinmu yake zuwa. Abin da ya rage shi ne mai karatun kwamfuta da mai nazarin Hausa su zauna tabarma ɗaya, a nemi izinin mutane, a tattara murya ba rubutu kaɗai ba, a sa Bakatsine da Basakkwace da Bahaɗeje cikin masu sa alama, don abin da yake zagi a wani gari gaisuwa ce a wani. Tsofaffin malamai irina muna nan zaune a zaure, ba mu da tsada.

Har yanzu akwai rubutu ɗaya da ya gagare mu. Ƙarƙashin hoton wani tsohon mai muƙami wani ya rubuta, "Allah ya saka mashi da daidai abin da ya yi mana." Yaron Legas ya ce addu'a ce. Ɗayar, wata malamar firamare daga Dutsi, ta ce wannan ai ya fi Allah ya isa zafi. Ni na ce sai na san ko garinsu mai rubutun ya samu rijiyar burtsatse a zamanin mutumin. Ɗiyar tawa ta bar gurbin ba alama, kwamfutar kuma ba ta karɓar gurbi a buɗe. Jiya ma ta bugo ta ce, "Kawu, malamina na jira." Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

Naka,
Tsohon malamin Hausa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.